JELA A GARIN MASU JELA: ME BAƘO ZAI ƊAUKA, ME ZAI ƘI?

Iyayenmu sun ce idan ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Magana ce ta hikima wadda ta fid da matafiya da yawa daga kunya. Amma duk wanda ya zauna ya auna ta zai ga tana da iyaka. Idan jelar da ka tarar irin riga ce ko irin gaisuwa, ɗaura ta ba wuya. To, idan fa abin da kowa yake yi a garin zalunci ne? Idan kuma baƙon ya ƙi kome da kome, yana cewa lamirinsa ne ya hana shi, ta yaya za a gane ko lamiri ne yake magana ko girman kai? Domin mu duba wannan tambaya, ƙaunatattu, za mu bi sawun wani Bature da ya tafi ƙasar Sin, wanda ya ɗaura jela ta gaske a ƙeyarsa, ya kuma sha dariyar 'yan'uwansa saboda ita.

SAURAYIN DA YA SAUKA A SHANGHAI

An haifi James Hudson Taylor a garin Barnsley na ƙasar Ingila a shekara ta 1832. Mahaifinsa mai sayar da magunguna ne, mai wa'azi kuma a ikkilisiyar Metodis. Tun yana saurayi ya ƙudura zai kai bishara ƙasar Sin, saboda haka ya soma koyon aikin likita. Ya shiga jirgin ruwa a watan Satumba na 1853, bai sauka a Shanghai ba sai ran 1 ga Maris, 1854, yana da shekara 21.

Ya sauka a mugun lokaci. 'Yan tawaye sun kame tsohon birnin, sojojin sarki kuwa sun kewaye su. Kuɗin da ƙungiyar da ta aiko shi take ba shi ba ya isarsa, harshen mutane kuma bai zauna a bakinsa ba tukuna. Akwai wani nauyi da ya fi waɗannan. Shekara goma sha biyu kafin zuwansa, wato a 1842, Birtaniya ta ci ƙasar Sin da yaƙi a kan cinikin ofiyom, wani abin maye da fataken Turawa suke shigowa da shi daga Indiya, ta tilasta mata buɗe tashoshin jiragen ruwa biyar. Saboda haka duk Baturen da ya ratsa kasuwa da kwat da hularsa, tsohon miki yake famawa, ko bai buɗe baki ba. Sa'ad da Taylor ya soma fita ƙauyuka yana wa'azi yana ba da magani, sai ya lura hankalin jama'a yana kan tufafinsa, maganarsa kuwa iska tana kwashewa. Saboda baƙin kwat ɗin da yake sawa har aka laƙaba masa sunan baƙin shaiɗan.

Abin da yake samun mutum a irin wannan hali, wani masanin al'adun 'yan Adam mai suna Kalervo Oberg ya bayyana shi a wata lacca da ya yi a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Barazil a 1954. Ya ce baƙo yakan bi matakai huɗu. Da fari kome yana burge shi. Daga nan sai gajiya da fushi su kama shi, gama duk ƙananan alamun da ya saba dogara da su sun ɓace: bai san lokacin da ake miƙa hannu ba, bai san lokacin da “to” take nufin “a'a” ba. Idan ya jure, sai ya soma warwarewa, har ya iya yi wa kansa dariya. A ƙarshe ya karɓi hanyar mutanen a matsayin wata hanyar rayuwa wadda ake iya zama a cikinta.

Mataki na biyu shi ne wurin haɗari ga ruhun mutum, domin a nan ne rashin jin daɗi yake sa rigar shari'a. Abincin da cikinsa bai karɓa ba sai ya kira shi ƙazanta. Doguwar gaisuwa sai ya kira ta ɓata lokaci. Sai ya nemi 'yan ƙasarsu, su zauna da maraice suna jera laifofin masu gari. Mutum yana iya shekara talatin a wannan mataki, ya koma gida yana tsammani ya san ƙasar, alhali bangon gidansa kaɗai ya sani.

ASKI DA RIGA

A shekara ta 1855 Taylor ya yanke shawara. Ya sa aka aske gaban kansa kamar yadda mazan ƙasar suke yi, ya rina sauran gashin ya zama baƙi, aka haɗa masa doguwar jelar gashi kitsattsiya tana reto a bayansa. Ya sa doguwar riga irin ta malaman ƙasar da takalman ƙyalle, yana cin shinkafa da 'yan sanduna biyu. Nan da nan ya ga bambanci. Yana iya ratsa gari ba tare da taro ya biyo shi ba, mutane kuma suka soma kiransa cikin gidajensu.

Tsadar abin daga wurin 'yan'uwansa Turawa ta fito. A Shanghai aka ɗauke shi wanda ya zub da mutuncin farar fata. Jelar da ya ɗaura kuwa dama da Turanci jelar alade ake ce mata. Da ya nemi auren Maria Dyer a birnin Ningbo, uwar ɗakinta Mary Ann Aldersey, wadda take da makarantar 'yan mata a can, ta tsaya tsayin daka don ta hana, sai da ƙyar aka ɗaura auren a watan Janairu na 1858. Amma ba kowa ne ya yi masa ba'a ba. William Burns, wani dattijon mai bishara daga Sikotilan wanda suka yi tafiya tare, da ya ga yadda ake sauraron saurayin, shi ma ya tuɓe nasa tufafin ya sa na ƙasar.

Da Taylor ya kafa ƙungiyar China Inland Mission a 1865, sai ya mai da wannan ya zama ƙa'ida. A 1866 ya komo ƙasar Sin da iyalinsa da ma'aikata goma sha shida. Ɗaya daga cikinsu, Lewis Nicol, ya koma sa tufafin Turai, ya yi ta gardama, har aka sallame shi a 1868. Hujjar Taylor ita ce, bangaskiyar da ta zo sanye da kwat za ta zauna baƙuwa har abada. Burinsa shi ne ya ga masu bi 'yan Sin waɗanda ba su daina zama 'yan Sin ba, suna sujada da harshensu, a ƙarƙashin fastocinsu. Ya jingina wannan a kan gurbin Manzo Bulus, wanda ya nuna a 1 Korantiyawa sura 9 yadda ya ajiye 'yancinsa ya bi da kowane irin mutum bisa ga halinsa.

Me ya sa nauyin sāke hali yake kan baƙo? Da fari, shi ne ya zo. Na biyu, shi ne mai ƙarancin sani, gama ko da idanunsa biyu a buɗe, da ɗan gari akan ci gari. Al'adar da ya gani da safe ya raina, wataƙila amsa ce ga wata matsala da mutanen suka yi ɗaruruwan shekaru suna fama da ita. Na uku, idan baƙon ya fito daga ƙasa mai ƙarfi, ƙin sākewarsa saƙo ne, ko bai yi nufi ba: yana gaya wa masu gida su ne za su hau zuwa wurinsa. Ƙauna kuwa saukowa take yi.

SHIN WANNAN BA RIYA BA CE?

Mai tunani zai iya cewa: ai riga ba ta sāke mutum. Bature mai shuɗin ido da jelar aro, wa yake ruɗi? Amsa ita ce Taylor bai ɓoye asalinsa ba, da ya buɗe baki ma an san baƙo ne. Riya ita ce ka nuna abin da ba ya cikin zuciyarka. Wanda ya tuɓe takalmi a ƙofar surukinsa bai ce shi ɗan gidan ne ba, ya dai nuna ya san darajar gidan.

Amma akwai ƙalubale biyu da suka fi wannan nauyi. Na farko, jelar nan ita kanta tana da tarihi mai ɗaci. Sarakunan Manchu da suka ci ƙasar da yaƙi su ne suka tilasta wa mazan Sin yin wannan aski a 1645, wanda ya ƙi kuwa a bakin ransa. 'Yan tawayen Taiping na zamanin Taylor sun bar gashinsu ya yi tsawo don nuna sun ƙi sarautar, bayan juyin mulkin 1911 kuma mutane suka yi ta yanke jelar suna zubarwa. Ashe abin da baƙo yake kira al'adar ƙasa ba abu ɗaya ba ne da kowa ya yarda da shi. A cikin kowane gari akwai masu ɗaure da masu kwancewa, baƙon da ya ɗauki wata al'ada kuwa yakan shiga wata gardama da ta girme shi bai sani ba.

Na biyu, riga ba ta kau da jirgin yaƙi. A watan Agusta na 1868, a birnin Yangzhou, jita-jita ta bazu cewa baƙin suna satar yara suna haɗa magani da idanunsu. Dubban mutane suka auka wa gidan mishan, Maria tana da juna biyu ta yi tsalle daga bene ta ji rauni. Ba a rasa rai ba, amma da labari ya kai ga ƙaramin jakadan Birtaniya sai ya taso da ƙarfin sojan ruwa yana neman a biya diyya, har majalisar dattawan Birtaniya ta yi muhawara a kan batun a 1869. Mutanen Yangzhou suka ga cewa a bayan mai doguwar rigar nan akwai igwa. Darasin ya shiga. A 1900, lokacin tawayen da ake kira na 'yan Boxer, ƙungiyar ta rasa ma'aikata 58 da yara 21, ban da dubban masu bi 'yan ƙasa da aka kashe. Sa'ad da ƙasashen Turai suka ɗora wa Sin diyya mai nauyi, ƙungiyar ta ƙi karɓar kome saboda rayuka ko dukiyar da ta rasa. Wannan ya fi aski wuya. Tuɓe kwat aikin yini ɗaya ne, amma ajiye ikon da ƙasarka ta ba ka a kan masu gida, shi ne ainihin gwajin baƙo.

INDA KARIN MAGANAR YA TSAYA

Akwai jelar da ba a ɗaurawa. A ƙasar Sin ta wancan zamani, iyalai da yawa sukan ɗaure ƙafafun 'ya mace tun tana 'yar shekara biyar ko shida. Akan lanƙwasa yatsun zuwa ƙarƙashin tafin ƙafa, a naɗe da ƙyalle tamau har ƙasusuwa su karye, domin ƙafar ta tsaya wajen santimita 10. Uwa ce take yi wa 'yarta, da hawaye, don tana tsoron kada yarinyar ta rasa mijin kirki. Baƙon da ya ga wannan ya ce “al'adarsu ce” ya wuce, bai girmama kowa ba. Ya dai yanke cewa zafin 'yar wani bai kai zafin tasa 'yar ba.

Amma mu lura da yadda abin ya mutu. A tsakiyar shekarun 1870 wani mai bishara, John Macgowan, ya tara mata masu bi a birnin Xiamen suka kafa ƙungiyar ƙin ɗaure ƙafa. A 1895 wata Baturiya, Alicia Little, ta kafa wata a Shanghai. Duk da haka al'adar ba ta girgiza sosai ba sai da 'yan ƙasa suka rungumi maganar, irin su masani Kang Youwei, aka kuma sami ƙungiyoyin iyaye da suka yi alkawari ba za su ɗaure 'ya'yansu mata ba, ba kuwa za su aurar da 'ya'yansu maza ga masu ɗaurarriyar ƙafa ba. Da haka aka cire tsoron da yake riƙe da al'adar. Gwamnati ta haramta ta a 1912. Baƙo yana iya ta da magana, amma masu gida ne suke gama ta.

Har wa yau, idon da yake ganin laifin masu gida dole ya ga na gidansu. Taylor ya yi gāba da cinikin ofiyom, wanda ƙasarsa ce take cin ribarsa, surukinsa Benjamin Broomhall kuwa, mijin ƙanwarsa, ya ba da shekaru masu yawa a Landan yana yaƙi da wannan ciniki har mutuwarsa a 1911. Wanda ya tsauta wa nasa, shi ne ake iya saurara sa'ad da ya yi magana a kan na wani.

WURIN DA YA FI WUYA

Tsakanin riga da ɗaurin ƙafa akwai fili mai faɗi inda mutanen kirki suka saɓa. Babban misali shi ne girmama kakanni. Iyalin Sin sukan ajiye alluna masu sunayen iyayen da suka rasu, su ƙona turare, su rusuna a gabansu. Sujada ce, ko ladabin ɗa ga mahaifi? Matteo Ricci, wani limamin Katolika ɗan Italiya wanda ya shiga ƙasar a 1583, ya ƙware a littattafansu har ya sa tufafin malamansu, ya ɗauka yawancin abin ladabi ne. Roma ta hana a 1704, ta sāke ƙarfafa hanin a 1715, sa'an nan ta sassauta a 1939. A babban taron masu bishara da aka yi a Shanghai a 1890, da aka karanta takardar wani Ba'amurke, W. A. P. Martin, mai roƙon a yi haƙuri da al'adar, Taylor ne ya nemi duk wanda bai yarda ba ya miƙe tsaye, kusan dukan zauren kuwa ya miƙe. Mutumin da ya ba da gashin kansa, a nan ya ƙi ba da taƙi ɗaya.

Ba za mu raba wannan gardama a shafin nan ba. Abin lura shi ne yawancin masu yanke hukuncin baƙi ne, alhali waɗanda za a kira marasa ladabi a gaban danginsu su ne masu bi 'yan ƙasa. A irin wannan fili baƙo ya kamata ya yi jinkirin magana, ya yi ta tambaya, ya kuma bar wa ikkilisiyar wurin, wadda take da Littafi Mai Tsarki a harshenta, babban rabo a cikin shawarar.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Labarin nan bai yi nisa da mu kamar yadda muke zato ba. Lucy Guinness, matar Karl Kumm wanda ya jagoranci ma'aikatan Sudan United Mission na fari zuwa Wase a 1904, 'yar'uwar matar ɗan Hudson Taylor ce. Ikkilisiyoyi da dama a Filato, Taraba da Adamawa daga wannan aiki suka tsiro, dattawanmu kuma suna iya faɗar wane baƙo ne ya zauna a tabarma ya ci tuwo, wane ne kuma ya tsaya a kan tudu. Yau kuwa 'ya'yanmu ne baƙin: ɗalibi a wata ƙasa, mai bautar ƙasa a jihar da bai taɓa zuwa ba, amarya a gidan da ba a jin harshenta.

Kafin su tashi, bari mu ba su tambayoyi uku su sa a jaka. Ta fari: wannan abin da nake ƙi, Allah ne ya hana, ko kuwa ban saba ba ne kawai? Idan rashin sabo ne, ka sunkuya ka koya. Ta biyu: wa yake shan wahala saboda wannan al'ada, me kuma shi da kansa yake cewa? Inda ake taka marar ƙarfi, ko ake neman ka yi wa wani sujada ban da Allah, ka tsaya, ko da kai kaɗai ne. Ta uku: me na riga na ajiye saboda mutanen nan, da zai sa su saurare ni? Daniyel a Babila ya karɓi sabon suna, ya koyi harshe da ilimin ƙasar, ya yi wa sarakunanta aiki da aminci, shi ya sa ranar da ya ƙi daina addu'a kowa ya san ba taurin kai ba ne. Wanda yake cewa “a'a” ga kome, “a'a” ɗinsa ba ta da nauyi ranar da ake bukatarta.

Taylor ya rasu a birnin Changsha ran 3 ga Yuni, 1905, aka binne shi a Zhenjiang kusa da Maria, wadda ta riga shi tun 1870. A lokacin ƙungiyarsa tana da ma'aikata fiye da 800. A farkon shekarun 1950 dukansu suka fita daga ƙasar bayan da 'yan gurguzu suka karɓi mulki, amma ikkilisiyar da ta riga ta zama ta 'yan ƙasa ta ci gaba ba tare da su ba.

Mu kuma da muke karɓar baƙi, kada mu manta shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Baturen da ya miƙa mana abu da hagu, ko surukar da ba ta iya durƙusawa irin tamu ba, wataƙila suna cikin matakin nan na biyu ne, suna bukatar wanda zai ja su gefe ya nuna musu hanya ba tare da dariya ba. Ubangiji ya ba mu tawali'un da za mu ajiye abin da yake namu ne kawai, da ƙarfin halin da za mu riƙe abin da yake nasa. Amin.